Ɗan Hakin Da Ka Raina: Darasi Daga Wata Halittar Teku

Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da bakin mutanenmu duk lokacin da aka ambaci binciken kimiyya, wato: "To, me zai tsinana mana?" Tambaya ce mai ma'ana, kuma ba na cikin masu ganin laifin mai yin ta. Wanda ya kwana da yunwa, ko ya wuni a layin asibiti, yana da haƙƙin ya tambayi malamin jami'a abin da yake yi da kuɗin jama'a. Abin da ke damuna shi ne yadda muke son a ba mu amsar a tsaye, nan take, kamar cinikin tumatir. Saboda haka a wannan mako ina so in ja mai karatu mu yi nisa da gida, mu je gaɓar teku, mu duba wata halitta da ko suna ba ta da shi a harshenmu, don mu ga yadda amsar wannan tambaya kan yi shekara ɗari a hanya kafin ta iso.

Turawan Ingila suna kiran halittar banakul, kuma da wannan suna zan riƙa ambatonta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku a Legas ko Kwatano ya gan ta, ko da bai lura ba. Wasu 'yan ƙuraje ne farare masu kaifi da ke lulluɓe duwatsu da ƙafafun gada, kowanne da siffar ɗan mitsitsin rumbu wanda aka cire wa jinka. Suna manne wa gindin jirgin ruwa, da bayan kunkurun teku, da duk wani abu mai tauri da ya jima a cikin ruwan gishiri. Akwai kuma wani nau'i mai dogon wuya da ke reto a jikin gungumen da ruwa ke yawo da shi. Masana sun ƙidaya iri fiye da 1,000. Idan ka dube ta lokacin da teku ya janye, ba za ka ce tana da rai ba. Sai ka ɗauka tsakuwa ce.

Sanin da ɗan Adam ya yi mata da tatsuniya ya fara. A Turai ta dauri akwai wata dinya mai launin baƙi da fari da ke sauka a Ayalan da Sikotilan kowane hunturu, ta ɓace idan sanyi ya wuce. Ba wanda ya taɓa ganin sheƙarta ko ƙwanta, domin can ƙuryar arewacin duniya take hayayyafa, inda marubutan wancan zamani ba su taɓa takawa ba. Sai mutane suka dubi banakul mai dogon wuya, suka ga wasu 'yan gasu kamar na fiffike suna leƙowa daga cikin ɓawonta, suka yanke hukunci cewa daga nan dinyar ke fitowa. Wajen shekarar 1188 wani malamin coci mai suna Gerald na Wales ya rubuta cewa da idonsa ya ga 'ya'yan tsuntsayen suna reto a jikin itace. Har wasu limaman coci suka riƙa cin namanta a kwanakin azuminsu da aka hana cin nama, bisa hujjar cewa abin da itace ya haifa ba nama ba ne. A ƙarni na 13 Sarki Frederick na Biyu ya aika mutane arewa suka kawo masa irin waɗannan gungumai, ya duba da kansa, bai ga komai mai kama da tsuntsu ba, ya ce rashin sanin inda dinyar ke sheƙa ne ya haifi zancen. Duk da haka, a 1597 wani masanin tsirrai, John Gerard, ya sake buga tatsuniyar a littafinsa a matsayin gaskiya.

Da aka bar tatsuniya, manyan masana ma ba su tsira daga kuskure ba. Linnaeus na Suwidin da Cuvier na Faransa, waɗanda su ne jagororin rarraba halittu gida-gida, sun dubi ɓawon banakul suka sa ta cikin dangin dodon koɗi da kawa. Wanda ya warware matsalar wani likitan soja ne da ke zaune a garin Cork na Ayalan, John Vaughan Thompson. Kayan aikinsa ɗan koma ne na yadi mara kauri da yake ja a bayan kwale-kwale, da kwalbar ruwan teku, da madubin ƙara girman abu. Ya kamo wasu 'yan ƙananan halittu masu iyo, ya zuba su a kwalba ya sa musu ido. Bayan 'yan kwanaki sai ya tarar sun manne a gindin kwalbar, sun sauya kama sun zama banakul. A 1830 ya buga abin da ya gani: banakul 'yar uwar ƙaguwa ce da jatan lande, ɓawon da take ginawa ne ya rufe wa masana ido. Gani ya kori ji.

Yadda rayuwarta take abin a tsaya a saurara ne. Tana fitowa daga ƙwai tana iyo, da ido ɗaya tal, ta yi ta sauya fata har ta wuce matakai shida. Daga nan sai ta shiga mataki na ƙarshe na ƙuruciya, wanda a cikinsa ba ta cin komai; aikinta ɗaya ne, neman mazauni. Takan sauka a kan dutse ta yi ta tattaki da 'yan ƙahonninta biyu tana ɗanɗana wurin, tana neman ƙanshin 'yan uwanta da suka riga ta zama, domin inda suka rayu ita ma za ta rayu. Idan wurin bai yi mata ba sai ta tashi ta ƙara gaba, amma guzurin da ke jikinta yana ƙarewa, ba ta da damar yin ruwan ido. Da zarar ta zaɓa, sai ta fitar da wani danƙo ta liƙa goshinta a wurin, kuma ba za ta sake motsawa ba har ta mutu. Sai ta gina katangar alli ta kewaye kanta, ta yi mata ƙofa. Idan ruwa ya rufe ta, ta buɗe ƙofar ta miƙo ƙafafunta goma sha biyu masu kama da gashin tsuntsu, ta riƙa sharo abinci tana kaiwa baki. Idan teku ya janye, ta ja ƙofa ta riƙe ɗan ruwa a ciki, ta jira.

A cikin danginta akwai wadda ta zarce kowa ban tsoro, wadda masana ke kira Sacculina, kuma Thompson ɗin nan ne ya bayyana ta a 1836. Ita ba ta gina ɓawo. Jikin ƙaguwa take shiga, ta yi saiwoyi a cikinta kamar yadda kauci ke yi wa itace, ta kashe mata haihuwa, sannan ta fito da jakar ƙwanta daidai inda ƙaguwar kan ɗauki nata. Ƙaguwar sai ta yi ta renon ƙwan maƙiyiyarta tana tsabtace shi, ko da kuwa namiji ne. In ka ga babbar, ba abin da zai nuna maka dangin da ta fito. 'Ya'yanta masu iyo ne kaɗai ke tona asirinta.

Sunan da ya fi shahara a wannan fage shi ne Charles Darwin. Na san da yawa daga cikin masu karatu suna da ja a kan ra'ayinsa game da asalin halittu, kuma wannan muhawara ce mai zaman kanta wadda ba ita ta kawo mu yau ba. Yadda ya yi aiki nake so mu duba. A watan Janairun 1835, yana cikin tafiyar nan ta jirgin Beagle, ya tsinci wani ɓawon dodon koɗi a tsibiran Chonos da ke gaɓar ƙasar Chile. Ɓawon cike yake da 'yan ramuka, kuma a cikin ramukan akwai wata banakul da ba ta wuce kan allura ba, wadda ba ta gina gidan kanta, sai dai ta haƙa rami a gidan wani. Ya jefa ta a kwalba ya adana. Sai a watan Oktoban 1846, bayan ya gama rubuce-rubucensa kan duwatsu, ya ɗauko ta da niyyar ya yi ɗan gajeren rubutu a kanta ya wuce.

Kafin ya iya faɗin yadda ta bambanta da sauran, sai ya ga dole ya san sauran. Da ya duba abin da aka rubuta a kansu, ya tarar da sunaye a cakuɗe, iri ɗaya da suna uku, iri uku da suna ɗaya. Sai ya shiga rubuta wasiƙu yana roƙon samfuri daga masu tara ɓawo da matuƙan jiragen ruwa da masana na ƙasashe daban-daban, har Gidan Tarihi na Birtaniya ya ba shi aron nasa. Akwatuna suka yi ta isowa gidansa da ke ƙauyen Downe. Aikin 'yan watanni ya zama na shekara takwas, yana sunkuye a kan madubi yana feɗe halittun da wasunsu sai da allura ake taɓa su. A cikin waɗannan shekaru mahaifinsa ya rasu a 1848, 'yarsa Annie mai shekara goma ta rasu a 1851, shi kansa ciwon ciki bai bar shi ya huta ba. 'Ya'yansa sun tashi suna ganin feɗe banakul shi ne aikin kowane uba, har aka ruwaito ɗaya daga cikinsu ya je gidan maƙwabta ya tambaya a wane ɗaki nasu uban yake yin tasa banakul ɗin.

Me ya sa mutum mai irin basirarsa zai binne shekara takwas a nan? Tun a 1844 ya riga ya rubuta ra'ayinsa kan sauyawar halittu ya ajiye a gida, bai buga ba. Amininsa, masanin tsirrai Joseph Hooker, ya taɓa nuna masa a wasiƙa cewa wanda bai zauna ya bayyana halittu masu yawa dalla-dalla ba, bai cancanci ya yi magana a kan asalin jinsuna ba. Da wani Bafaranshe Hooker yake, amma maganar ta soki Darwin. Ya gane cewa babbar magana tana bukatar mai faɗinta ya fara biyan kuɗin shiga da ƙaramin aiki. Tsakanin 1851 da 1854 ya fitar da littattafai huɗu, biyu kan banakul masu rai, biyu kan waɗanda suka zama dutse a cikin ƙasa. A 1853 Ƙungiyar Masana ta Masarautar Ingila ta ba shi lambar yabonta. A nan ne ya gano cewa ko da yake yawancin banakul mata-maza ne, akwai wasu nau'o'in da ke da 'yan mitsi-mitsin maza waɗanda ke zaune a jikin babbar, ba su da aikin komai sai na haihuwa. Ya kuma ga cewa a cikin iri ɗaya ma da wuya ka sami biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Ya yi kuskure a wasu wurare, musamman kan gaɓar da ke fitar da danƙon, kuma da wani masani mai suna August Krohn ya gyara masa a 1859, ya karɓi gyaran.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, Darwin da kansa, da tsufa ya zo masa, ya nuna shakkar ko aikin ya cancanci yawan lokacin da ya ci. Wato shi ma ya yi wa kansa tambayarmu ta "me zai tsinana". To bari mu ga amsar da zamani ya bayar.

Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashen duniya ke saye da sayarwa tsakaninsu ta teku suke bi. Jirgin ruwa kuwa yana bukatar gindinsa ya kasance sumul don ya tsaga ruwa. Idan banakul ta yi masa kaca-kaca, sai ya zama kamar mai gudu cikin yashi. Wani bincike da Michael Schultz na Kwalejin Sojojin Ruwa ta Amurka ya buga a 2007 ya nuna cewa idan irin wannan datti mai tauri ya yi yawa, ƙarfin da injin jirgin yaƙi ke bukata don ya riƙe gudunsa na yau da kullum kan ƙaru da kusan kashi 86 cikin 100. Ƙarin ƙarfi ƙarin mai ne, ƙarin mai kuwa ƙarin kuɗin dako ne da ƙarin hayaƙi a sararin sama. Taki da magani da injin da aka sauke a Apapa ko Kwatano ko Lome, aka ɗoro a mota zuwa Kano ko Maraɗi, duk da wannan lissafi a cikin farashinsu. Kuma ɗaya daga cikin nau'o'in da masu haɗa fentin jiragen ruwa suka fi kiwatawa a ɗakunan gwaji a yau, wadda ake kira amphitrite, Darwin ne ya bayyana ta ya raɗa mata suna a 1854. Kafin ka yaƙi abu sai ka san wane ne shi, da lokacin da yake haihuwa, da abin da ke jawo 'ya'yansa su zauna.

An kuma ga abin da gaggawa ke haifarwa. Tun a 1761 sojojin ruwan Ingila suka fara lulluɓe gindin jirgi da jan ƙarfe don korar masu mannewa. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 sai aka samo wani fenti mai ɗauke da sinadarin kuza, wanda ake kira TBT, ya yi aiki fiye da duk abin da aka taɓa gani, duniya ta rungume shi. Ba a jima ba masu kiwon kawa a gaɓar Arcachon ta Faransa suka ga sana'arsu tana durƙushewa, 'ya'yan kawa ba sa rayuwa, manyan kuma ɓawonsu ya lalace. A wasu gaɓoɓin aka tarar matan dodon koɗin teku suna fitar da gaɓoɓin maza, haihuwarsu ta tsaya. Faransa ta hana shafa fentin a ƙananan jirage a 1982. Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta amince da yarjejeniyar haramta shi a 2001, ta fara aiki a 2008. Waɗanda suka gano ɓarnar su ne irin mutanen nan da ake yi wa dariya, masu tsugunawa a bakin teku suna ƙirga dodon koɗi.

Danƙon da ya addabi matuƙa kuwa, shi ne likitoci ke sha'awa. Duk gam ɗin da muka sani yana son wuri busasshe mai tsabta, ita kuwa banakul a cikin ruwa take liƙa kanta, a kan dutse mai santsi da datti. Masu bincike sun gano cewa takan fara fitar da wani abu mai maiƙo ya share wurin, sannan danƙon ya biyo baya. A 2021 masana a Jami'ar MIT ta Amurka, tare da likitocin asibitin Mayo, suka kwaikwayi wannan dabara suka haɗa wani man shafawa da ke ture jini gefe ya toshe rauni. A gwajin da suka yi kan ɓeraye da aladu, ya tsayar da zubar jini cikin daƙiƙoƙi. Duk wanda ya san yawan rayukan da zubar jini ke ɗauka a haɗarin mota da ɗakin tiyata ya san darajar irin wannan hanya.

Haka nan ilimin zamantakewar halittu ya ci moriyarta. A shekarun 1950 wani ɗalibi Ba'amurke, Joseph Connell, ya zauna a tsibirin Cumbrae na Sikotilan yana tambayar abin da ya sa wani nau'in banakul ke zama a saman dutse, wani kuma a ƙasa. Ya zana taswirar mazaunin kowace ɗaya, ya riƙa cire nau'in ƙasa daga wasu wurare yana barin sa a wasu. Sai ya ga na saman yana rayuwa lafiya a ƙasa idan aka kawar masa da abokin hamayya. In ba haka ba, na ƙasan da ya fi saurin girma yakan danne shi ko ya tumɓuke shi. Shi kuma na ƙasan ba ya iya hawa sama, domin bushewa na kashe shi. Sakamakon da ya buga a 1961 har yau ana koyar da shi a jami'o'in duniya. A Plymouth ta Ingila kuma, Alan Southward ya fara ƙirga banakul a duwatsu ɗaya kowace shekara tun farkon shekarun 1950. Bayan gomman shekaru, littafin ƙirgarsa ya zama shaidar yadda nau'in da ke son ɗumi ke ƙaruwa, mai son sanyi ke raguwa, duk lokacin da ruwan teku ya ƙara zafi.

Ko a binciken haɗari an nemi shaidarta. Mai karatu zai tuna jirgin saman Malesiya, MH370, wanda ya ɓace ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239. A watan Yulin 2015 teku ya turo wani ɓangaren fiffikensa gaɓar tsibirin Reunion, banakul masu dogon wuya sun lulluɓe shi. Ɓawon banakul yana girma ne hawa-hawa, kuma kowane hawa yana riƙe da alamar ɗumin ruwan da aka gina shi a ciki. A 2023 masana a Jami'ar Kudancin Florida suka nuna cewa ana iya karanta waɗannan alamu a gano wani yanki na hanyar da tarkacen ya biyo a Tekun Indiya. Binciken bai nuna inda jirgin ya faɗi ba, amma ya buɗe wata ƙofa ga masu nema.

Mai karatu na iya cewa duk wannan zancen masu teku ne da masu kuɗi. Ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tsadar abinci ba ta da rarar da za ta kashe kan ƙirga ƙwari. Akwai gaskiya a ciki. Dole mai ƙaramin aljihu ya fifita wani abu a kan wani, kuma ba kowane bincike ne ke haihuwa ba. Da yawa sukan ƙare a kan kanta, ƙura ta rufe su. Sai dai ba wanda ya isa ya faɗi tun farko wanne ne zai haihu. Ga misali daga cikin gidanmu.

Dattawanmu sun san kurkunu, cutar da kan kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke bukatarsa. A wajen 1870 wani matashin masani ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, yana binciken halittu a tsakiyar Asiya, ya gano cewa 'ya'yan tsutsar kurkunu suna shiga cikin wani ɗan ƙwaron ruwa da ido ke gani da ƙyar, wanda ake kira Cyclops, su girma a cikinsa. Wannan ƙwaro ɗan dangin ƙaguwa ne da jatan lande da banakul, sai dai shi a tafki da kududdufi yake zaune. Mutum yakan kamu ne idan ya sha ruwan da ƙwaron ke ciki. Sanin nan ya yi sama da shekara ɗari kafin a ɗora babban yaƙi a kansa. A 1986 an ƙiyasta masu cutar a duniya sun kai miliyan 3.5. Ƙidayar farko da Nijeriya ta yi a ƙarshen shekarun 1980 ta samu sama da mutum 650,000. Cutar ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar magani. Makamin da aka yi amfani da shi shi ne sanin rayuwar ƙwaron: a tace ruwa da ƙyalle, a hana mai ciwo shiga tafki, a zuba maganin kashe ƙwaron, a haƙa rijiyoyi. Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon da dubban masu aikin sa-kai a ƙauyuka suka tsaya a kai. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu, Gana ta biyo baya a 2015. A 2023 waɗanda suka kamu a duk duniya ba su kai mutum 20 ba. Da an tambayi Fedchenko abin da leƙen ƙwaron kududdufi zai tsinana wa manomin ƙasar Hausa, da ba shi da amsar da zai bayar.

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita kusan 853. Tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, ta buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi a Lekki a 2023, kuma a shekarar ce aka kafa ma'aikata ta musamman kan tattalin arzikin teku. Busasshen jatan landen da ake dakawa a miya a gidajenmu, wanda 'yan kasuwa ke kira kirefish, daga bakin kogunan Akwa Ibom da Kuros Riba mafi yawansa ke zuwa, kuma iyalai masu yawa da shi suke ci. Kowane jirgin da ya shigo tasharmu yana iya zuwa da baƙin halittu a gindinsa, kamar yadda wata banakul ta yankin Ostireliya ta isa gaɓar Ingila a shekarun 1940 ta bazu. Wanda ba shi da jerin abin da ke ruwansa tun asali ba zai gane baƙo ba idan ya iso, kuma ba zai san lokacin da jatan lande ya fara ƙaranci ba sai ya ji a kasuwa. Haka zancen yake game da Tafkin Chadi da dausayin Haɗeja da Nguru da madatsun ruwanmu.

Abin lura a duk labaran nan shi ne arhar kayan aikin. Thompson da koma da kwalba ya yi nasa, Connell da taswira da abin ƙanƙara, Southward da littafin ƙirga. Abin da suka samu wanda malamanmu suka rasa shi ne lokaci da kwanciyar hankali: albashin da ke zuwa a kan kari, da shugabannin da ba za su ce a kawo sakamako kafin ƙarshen zangon mulkinsu ba. Ina kira ga masu rabon kuɗin bincike su ware wani kaso, ko yaya ƙanƙantarsa, don aikin bayyana halittun ruwayenmu da ƙirga su shekara bayan shekara, su kuma daina auna malami da yawan takardun da ya buga kawai, domin wannan ma'auni ne ke tura shi ga aikin sha-yanzu-magani-yanzu.

Ɗalibai kuma, musamman masu shirin rubuta kundin kammala karatu, ku daina jin kunyar ƙaramin batu. Na fi ganin ƙimar ɗalibin da ya ɗauki kududdufi ɗaya a bayan garinsu, ya bi shi daga farkon damina zuwa ƙafewarsa, ya rubuta abin da idonsa ya gani da kwanan wata, a kan wanda ya ɗauko take mai cika baki ya cike shafuka da abin da ya kwafo daga intanet. Na farkon ya bar wa na baya abin da za su ɗora a kai, ko da bayan shekara hamsin ne. Idan kuma wani ya tare ka ya ce me wannan zai tsinana, ka ba shi labarin kurkunu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.